Kufai da Kangaye: Kira Zuwa ga Yawon Sanin Gari



Ina godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba ni damar tsayawa a gabanku, alhali kuwa a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi ni shekaru da karatu nesa ba kusa ba. Abin da zan yi magana a kansa shi ne wuraren da aka yi watsi da su a cikin biranenmu, da kuma lungunan da muke wucewa ta gefensu kullum ba tare da mun san abin da ke cikinsu ba. Zan ɗauki birnin Kano in yi misali da shi, amma duk abin da zan faɗa zai hau kan Zariya da Katsina da Sakkwato da sauransu. Burina shi ne, kafin mu tashi, in shawo kan ko da mutum goma daga cikinku su ɗauki littafi da alƙalami su taka birnin nan da ƙafarsu, tun wuraren da zan ambata suna nan.

Ma'anar kalmomi

Bahaushe yana da kalmomi biyu da ya kamata mu bambanta. Kufai shi ne wurin da gari ko unguwa ta taɓa zama, mutane suka tashi, sai tuddai da sakaina da itatuwan kuka suka rage suna shaida. Kango kuwa gini ne wanda bangonsa yake tsaye amma ba kowa a ciki. Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a hannun masu jihadi a 1808, kufai ne. Haka Surame, birnin Kanta na Kabi, da Turunku ta ƙasar Zazzau. Masaƙar da aka rufe aka bar injunanta suna tsatsa, ita kango ce. Akwai kuma iri na uku, wato wuraren da ba su mutu ba tukuna amma idon jama'a ya kau daga kansu, kamar tsohuwar marina ko makera da ke can ƙuryar lungu.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai matasa da suka mai da shiga irin waɗannan wurare sha'awarsu. Wasu suna kutsawa cikin ramukan da ke ƙarƙashin birnin Faris na Faransa, inda aka tara ƙasusuwan miliyoyin mutane. Wasu sun yi ta zuwa garin da aka kwashe mutanensa bayan haɗarin tashar nukiliya ta Canobil a 1986. A birnin Ditiroit na Amurka, babbar tashar jirgin ƙasa da aka rufe a 1988 ta yi shekara 30 tana kango, masu ɗaukar hoto suna shiga suna fita, har hotunanta suka zama abin nuni a duniya. Kamfanin Ford ya saye ta a 2018, ya gyara, aka sake buɗe ta a 2024. Abin lura a nan shi ne, ginin da ido yake kansa yakan sami mai ceto. Wanda aka daina kallo, ranar da aka rushe shi ma ba wanda zai ji labari.

Sai dai ba na kira da mu kwaikwaye su ido rufe. Da yawa daga cikinsu haurawa suke yi a ɓoye, don jin daɗin tsoro. Namu ya kamata ya zama yawon sanin gari, wanda ake shiga da sallama a fito da ilmi.

Ganuwa

Mu fara da abin da ya fi kusa da mu. Duk wanda ya bi titin da ya wuce ta gaban tsohon mazaunin Jami'ar Bayero ya ga ragowar ganuwar Kano, tsakanin Ƙofar Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki wajen 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin, ɗansa Yusa da ake kira Tsaraki ya kammala. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, sa'an nan aka sake ƙara ta a zamanin Muhammadu Nazaki a farkon ƙarni na 17. Lokacin da sojojin Ingila a ƙarƙashin Kanar Molan suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903, Sarki Alu yana Sakkwato, ta wajen Ƙofar Kabuga suka shiga. Gwamna Lugga ya rubuta a rahotonsa cewa zagayen ganuwar ya kai mil 11, tana da ƙofofi 13, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuwa wajen ƙafa 40.

To, ina wannan ƙaton gini ya tafi? Igwar Turawa ba ta ci daga cikinsa ba sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ginin ƙasa rayuwarsa tana ga yaɓe. Kowace damina ruwa yana zaizaye shi, kowane rani sai an fito an mayar da abin da ruwa ya ɗiba. A da ana raba wannan aiki ga jama'a, domin kowa ya san ran da mahara suka zo wannan bango shi ne tsakaninsa da bauta. Da yaƙi ya ƙare, dalilin gyara ya ƙare. Ruwa ya fara, sa'an nan masu ɗibar ƙasar gini suka biyo baya da jakunansu, masu zubar da shara suka cike gwalalon da ke bayanta, daga baya aka shiga yanka filaye ana kafa shaguna da gidajen mai. A 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina wata a madadinta. Wannan ya faru ne shekara 3 kacal bayan an sanya ganuwar Kano, a 2007, cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gadon duniya. Gaskiyar masu iya magana ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Cikin birni

Wanda ke son ya fahimci Kano, ya hau Dutsen Dala da sassafe kafin ƙura ta tashi. A gindin wannan dutse masu binciken kayan tarihi suka sami shaidar narkar da tama tun ƙarni na 7, wato shekaru ɗaruruwa kafin zuwan Bagauda. A nan ne labari ya ce Barbushe yake hawa don ganawa da Tsumburbura. Daga ƙolinsa za ka hangi Goron Dutse, ka hangi hasumiyoyin Masallacin Juma'a kusa da Gidan Rumfa, ka ga yadda gari ya tsallake ganuwa ya bazu har inda ido ya gaza.

In ka sauko, sai ka nufi Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Rumfa. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya zo Kano a 1851, ya kuma bayyana yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Amma a cikin wannan kasuwa ɗin dai ake da sashen sayar da bayi, har zuwa shigowar Turawa. Mai yawon sanin gari ba maroƙi ba ne da zai zaɓi abin yabo kaɗai. Wajibi ne ya tambayi waɗanda suka ɗauki ƙasar ganuwa a ka, da waɗanda aka yi cinikinsu a Kurmi, kamar yadda yake tambayar sarakuna.

Sunayen unguwanni su ma takardu ne ga mai iya karanta su. Dandalin Turawa mazaunin Larabawan arewacin Afirka ne, domin su Bahaushe ya fara kira Turawa kafin zuwan Nasara. Alfindiki daga kalmar Larabci ce mai nufin masaukin fatake. Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Ayagi suna gaya mana cewa Banufe da Babarbare da Bayarabe sun daɗe da zama 'yan gari. Sharifai tana da nasaba da Shehu Magili, wanda ya zo a zamanin Rumfa. Wanda ya san wannan, da wuya ɗan siyasa ya ruɗe shi da zancen wane ɗan ƙasa ne wane baƙo ne.

A marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita ke cewa an kafa ta a 1498, za ka tarar da rijiyoyin rini jere, kaɗan ne ke aiki, sauran sun bushe ko sun cika da ƙasa. Zauna wurin marini ka ga yadda ake haɗa baba da toka a bar su su yi kwanaki suna tsima, yadda zane ke fitowa kore-kore daga cikin ruwa, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Tambaye shi abin da ake yi da katsi, wato laka da ke kwantawa a ƙasan rijiya, zai gaya maka cewa ana ƙona shi a haɗa laso, simintin kakanninmu, wanda ake shafe rijiyar da shi, ake kuma shafe rufin soro don kada ya yi yoyo. Ka ga sana'ar marini tana ciyar da sana'ar magini. In ɗaya ta mutu, ɗayar ta yi rauni.

Haka nan kududdufai. Mu 'yan zamani wurin sauro da ƙazanta muke ɗaukar su, kuma lalle sun zama haka. Amma asalinsu ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar tubali, daga nan suka zama matattarar ruwan sama, suna riƙe shi har ya sami hanyar gangarawa Jakara. An cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai. Ruwa kuwa bai san takardar mallakar fili ba. In ya zo bai tarar da gidansa ba, sai ya shiga na mutane.

Gidaje biyu sun tsira domin an ba su aikin yi: Gidan Makama, inda aka ce Rumfa ya zauna kafin ya hau gadon sarauta, da Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a can a 1909. Dukansu yanzu gidajen adana kayan tarihi ne. Ku shiga ku ɗaga kai ku dubi ɗaurin guga da bakan gizo, ku ga yadda magini ya jera azara ya rufe ɗaki mai faɗi ba tare da ƙarfe ko ɗaya ba.

Kangayen zamani

Kada a zaci kufai sai na zamanin sarakuna. Akwai waɗanda iyayenmu suka gani da ransu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma shi ya haifar da cinikin gyaɗa wanda Alhassan Ɗantata da takwarorinsa suka shahara a kai. Da yake jirgi ba ya iya kwashe amfanin shekara a lokaci guda, sai aka riƙa jera buhuna ana tayar da dala, a wurare irin su Ƙofar Mazugal, dala ɗaya takan ɗauki buhu har 15,000. A shekarun 1960 Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin hukuma daga noma, su suka haɗu suka kwantar da dalar. A 1986 aka soke hukumomin sayen amfanin gona. Yau yaro zai wuce ta filin bai san abin da ya taɓa tsayawa a wurin ba.

Ku zaga Bompai da Sharaɗa da Calawa ku ƙirga masana'antun da ƙofofinsu ke garƙame, ko waɗanda aka mayar ɗakunan ajiye kayan da aka shigo da su daga waje. Ku je Kakuri a Kaduna, inda masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957 aka rufe ta a 2002, United Nigerian Textiles ita ma ta tsaya a 2007. Rashin wutar lantarki, da tsadar kayan gyara bayan karyewar darajar naira daga 1986, da kwararowar atamfa mai araha ta ɓarauniyar hanya, su ne suka kashe su. Mai karatun tattalin arziki zai sami waɗannan dalilai a littafi. Amma in ya tsaya a bakin ƙofar masaƙar, ya ji daga bakin tsohon ma'aikaci yadda titi yake cika da kekuna in an tashi aiki, da yadda mai sayar da abinci da mai gidan haya suka durƙushe tare da masaƙar, sa'an nan zai san nauyin abin da ya karanta. Gani ya kori ji.

Amsa ga masu suka

Wani zai ce, mutane suna neman wurin kwana kai kana zancen tarin ƙasa. Wannan magana tana da ƙarfi, bai kamata a yi mata dariya ba. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum fiye da miliyan 9, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. Birni ba zai tsaya cik don a adana kowane bango ba. Amma wanda ya tsaya ya duba zai ga cewa mafi yawan abin da ke tasowa a mazaunin ganuwa ba ɗakin talaka ba ne. Bugu da ƙari, ko da ya zama dole a rushe wani abu, me zai hana a auna shi, a zana, a ɗauki hotonsa tukuna? Wannan bai hana kowa wurin kwana ba.

Wani kuma zai ce kufai mazaunin iskoki ne, mai hankali ba ya zuwa. Ba zan yi jayayya da kakanninmu ba, domin wannan gargaɗi ya hana yara da yawa faɗawa tsohuwar rijiya. Amma addininmu ya kwaɗaitar da mu tafiya a bayan ƙasa don mu wa'aztu da abin da ya sami mutanen da suka gabace mu. Wane wa'azi ya fi tsayawa a kufan birnin da ya taɓa karɓar haraji daga ƙasashe, yau sai makiyayi da shanunsa?

Ladubban yawon

Na farko, kowane kango yana da mai shi. Ko magada ne suka kasa raba gado, ko kamfani ne, ko hukuma. A fara da gaida mai unguwa, ko sarkin ƙofa, ko maigadi, a faɗi ko su wane ne da abin da ya kawo su. In an hana, a haƙura. Haura katanga aikin ɓarawo ne ko da mai haurawar yana riƙe da katin jami'a.

Na biyu, kada a tafi mutum ɗaya, kada kuma a kai magariba. Mutum 3 zuwa 5 sun isa, a kuma shaida wa wani inda aka nufa. A sa takalmi rufaffe saboda maciji da kunama da ƙusa. Kada a hau rufin tsohon soro, domin gara takan cinye azara ta ciki ta bar ta kamar lafiyayya. Kada a kusanci bangon ƙasa bayan an yi ruwa. A tsofaffin masana'antu a guji taɓa ganguna da fasassun kwanon asbesto, ƙurarsa tana lahanta huhu. In an tarar 'yan daba ko 'yan shaye-shaye sun mai da wurin mafaka, a juya ba gardama. Wuraren da ke bayan gari kuwa, a yanayin tsaron da ake ciki, kada a nufe su sai an tambayi mutanen yankin.

Na uku, kada a ɗauki komai, ko sakaina ce, kada kuma a rubuta suna a bango. Abin tarihi in aka raba shi da inda aka same shi, rabin labarinsa ya tafi. Mun ga yadda aka wawashe gumakan yumɓu na Nok a shekarun 1990 aka kai kasuwannin Turai. Saboda haka wanda ya ga tsohon ƙyaure ko wani abu mai daraja, kada ya ruga ya baza hotonsa da kwatancen wurin a Facebook ko TikTok. Ya sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda doka ta 77 ta 1979 ta ɗora wa alhakin tsare irin waɗannan kaya.

Na huɗu, a rubuta. A sa kwanan wata da sunan wuri. A auna tsawo ko da da taku ne. A ɗauki hoto, a koma bayan damina a sake ɗauka daga daidai inda aka tsaya, don a ga abin da ya ragu. A nemi dattijon da ya fi kowa daɗewa a unguwar, a gaishe shi yadda ya kamata, a nemi izininsa kafin a naɗi muryarsa, domin matambayi ba ya ɓata. 'Yan'uwanmu mata suna da babban rabo a nan, don su ne za su iya shiga cikin gida wurin tsofaffin mata, waɗanda suka riƙe labarin kaɗi da saƙa da rijiyoyin unguwa. A ƙarshe a kai kwafi laburaren jami'a, ko Gidan Ɗan Hausa, ko Gidan Arewa da ke Kaduna. Abin da ya tsaya a cikin waya, ran da wayar ta ɓata ya tafi.

Ga ma'aikata

Yanzu sai in juyo gare ku, yayyenmu da suka riga mu kama aiki, da mu da za mu biyo ku in Allah ya so. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sanya filayen birane a hannun gwamna, amma gwamna ba ya zuwa da igiyar awo. Ƙaramin ma'aikaci ne ke zuwa ya auna, wani ya zana taswira, wani ya rubuta shawara a fayil. Kafin katafila ta isa gindin ganuwa, takarda ta bi ta hannun mutane da dama, kuma yawancinsu daga zaure irin wannan suka fito. Ma'aikacin da fili a wurinsa lamba ce kawai a taswira, zai sa hannu ya wuce. Wanda ya taɓa tsayawa a wurin, ya san sunan ƙofar da tarihinta, ko ba komai zai rubuta layi biyu yana jawo hankalin na gaba da shi. Mai yiwuwa a bi ta kansa. Amma rubutun yana nan a fayil, kuma sau da yawa layi biyu irin waɗannan su ke sa a ja titi gefe da 'yan taku kaɗan.

Shawarata ga wannan ƙungiya ita ce, ta kafa ƙaramin kwamiti wanda zai riƙa fita Asabar ɗaya a kowane wata. A fara da ganuwa, daga Ƙofar Kabuga zuwa Gadon Ƙaya, a rubuta inda take tsaye, da inda ta zube, da abin da aka gina a kanta. In zangon karatu ya ƙare, a buga abin da aka samu a mujallarmu, a aika wa hukumomin da abin ya shafa. Wannan ba ya bukatar kuɗi sai na littafi da ruwan sha. Waɗanda suka tafi hutu garuruwansu su yi haka nan: Bakatsine ya je Gobarau, Bazazzagi ya hau Kufena, wanda ya fito daga Neja ya leƙa kangayen ofisoshin Turawa a Zungeru.

Kakanninmu sun ɗauki ƙasar ganuwar nan a ka, kwando bayan kwando, tsawon shekaru ɗaruruwa. Mu ba a ce mu ɗauki kwando ba. Abin da ake nema a wurinmu shi ne mu je mu gani, mu tambaya, mu rubuta, sa'an nan in mun hau kujerar aiki mu tuna da abin da muka gani. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Damina mai zuwa za ta ɗebi nata rabon daga abin da ya rage, don haka wanda zai je ya je tun da rani.